Muryata a Bayan Danga

Salamu alaikum, masu karatu. Sunana Wada, manomi, mutumin Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni. Abin da za ni faɗa muku a gidana ya faru, da rana tsaka, idona biyu. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ba ni roƙonai. Ni kaina, kafin shekarar nan, in ka kawo mini zancen iskoki tashi nike in bar maka tabarma.

Shekarar fari ce. Ruwa ya fara da kyau, munka yi shuka, munka yi noman farko, sai sama ta ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya murɗe, ya ƙone a tsaye. An fita roƙon ruwa har maza sunka juya riguna. Hadari ya kan haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su fito da randuna, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyar unguwa ta koma laka. Mata sai su tafi gulbi su tona rairayi har kafaɗa, su zauna jiran abin da zai tsattsafo. Tuwo ya bar gidaje. Tafasa da dusa munka koma ci, wata rana garin kwaki in an samu.

A gidana akwai ni, da mai ɗakina Saude, da yara ƙanana, da babbar ɗiyata Uwa. Uwa ba yarinya ba ce. Ta yi aure a garin Isa, mijin ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida ba ɗa ba jika. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. A ɗakin Inna, mahaifiyata, Uwa ta tashi, Allah ya jiƙan Inna, tsohuwar da in ka miƙa mata abu da hagu sai ka kwana da zafin kunne.

A gulbi Uwa ta gamu da mutumin. Ta ce tana cikin rami tana kwalfar ruwa da ƙoƙo, ta ɗaga kai ta ga mutum tsaye gindin gawo shina kallonta. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofata.

Ina zaure ina tufkar igiya, rana ta take. Inuwa ta rufe mini haske, na ji gyaran murya. Na ɗaga kai. Farar shadda ce a jikinai, riga da wando, aikin wuya ruwan toka, rawani fari an naɗa shi irin na mutanen Faransa, wato na tsallaken iyaka wajen Maraɗi. Takalmi na fata, baƙi. A ƙasar da ko limami ya zo masallaci sai ya kaɗe ƙafa, mutumin nan ba ƙura ko ɗis a jikinai. Ga wani ƙamshi da ya shigo da shi. Ba turaren kanti ba ne. Ƙamshin ƙasa ne in ruwan farko ya sauka bisa ta. Wallahi sai da yawuna ya tsinke.

Ya shigo da takalminai har bisa tabarma.

Na ce, "Malam, a gidanku ba a sallama?"

Ya yi murmushi. Haƙoranai farare tas. Ya ce, "Gidanmu ya daɗe ba a shiga, maigida."

"To nan ana shiga. Kai wane ne?"

"Attahiru. Fataucin gero nike tsakanin nan da Maraɗi. Gidanmu na gabas da Alkalawa. Ɗiyarka na gani, ina so."

Haka, kai tsaye, ba kawu ba baffa, ba ƙaƙa gida ƙaƙa iyali. Na so in kore shi. Amma baƙo baƙo ne. Na ɗaga murya na ce a kawo ruwa. Ku da ke birni ba ku san abin da kwano ɗaya na ruwa yake ba a shekarar nan. Uwa ta kawo, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu kanta ƙasa. Ya karɓa, ya duba cikin kwanon ya daɗe, ya ajiye. Ko leɓe bai jiƙa ba.

Da ya tafi na fita in ga motar da ta kawo shi. Babu mota, babu babur. Jakuna biyu na tarar ɗaure a jikin dalbejiya, da buhunan gero bisa kansu. Na kwance ɗaya na cusa hannu. Gero ne na gaske, sabo, mai sanyi.

Kafin la'asar labari ya kai ga Yaya Usmanu. Shi ne babban wana, shi ne uban gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ka ba da auren duk ɗiyar da ke cikin zuri'a. Iyalinai sun fi nawa yawa, yunwa ta fi cin su. Ya zo har da gudu-gudu.

"Wada, an ce Allah ya buɗa."

Na ce, "Yaya, mutumin bai yi mini ba. Bai yi sallama ba, bai tuɓe takalmi ba, an ba shi ruwa bai sha ba."

"To sai mi?"

"Ba shi da tarbiyya."

"Tarbiyya za ka tuƙa wa yara da dare? Kai dai tun kana ƙarami kanka kamar dutsen niƙa. Bazawara ce fa, ba budurwa ba. Wa ka gani ya taka ƙofarka tun da ta dawo?"

Na koma tufkar igiyata, don gaba yake da ni. Ya ɗauki buhu guda ya aza bisa jaki ya tafi. Daren nan an tuƙa tuwo a gidajenmu biyu. Ƙaramin ɗana ya ci har ya yi barci da loma a hannu. Ni ma na ci, ba ni yi muku ƙarya.

Daga nan Attahiru ya riƙa zuwa zance. Kullum da rana tsaka, lokacin da ko kare ya nemi inuwa. Ya kawo wa Uwa atamfa shuɗiya mai zanen ganye, da gyale, da 'yan kunne, da waya 'yar ƙarama mai tocila. Da farko ta so shi, wannan ba a ɓoye yake ba. Mutum ne kyakkyawa. Na ga ta ƙunsa lalle, na ga ta sa kwalli, na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, abin da rabona da ji tun kafin aurenta na farko. Na ce a raina, to Wada, ko kai ne mai baƙin ciki?

Sai zancen wayar. A unguwarmu in kana son sabis sai ka hau tudun bayan makabarta ka ɗaga hannu sama. Amma wayar Uwa tana cikin ɗaki, ƙarƙashin filo, saƙo na shigowa. Uwa ta yi firamare, ta fi ni karatun boko, ita ka karanta wa uwarta, uwarta ta kawo mini.

"Fito."

"Ina gindin gawo."

"Na gan ki. Shuɗin ya karɓe ki."

Saude ta ce ranar da wanga na ƙarshe ya shigo, Uwa na cikin ɗaki tana gwada atamfar, ƙofa a rufe.

Na ce, "Ke mi kinka gani?"

Saude ta ce, "Malam, ni yara na gani sun koma wasa."

"Ita fa?"

"Ta yi sanyi. Ta ce tun da ya fara zuwa bai taɓa ce mata ƙaƙa kinka kwana ba. Bai taɓa cewa a gaida Baba ba. Ta ce in ta fita zance shi kallonta kawai yake, kamar mai duba akuya a kasuwa."

"To ta ce ba ta so mana."

"Ta faɗa wa wa? Yaya ya aiko matanai har sau nawa. Sun ce in ta ƙi, alhakin yaransu na wuyanta. Jiya kuka ta kwana yi."

Na hau babur ɗin maƙwabcina Kalilu na tafi Alkalawa binciken asali. Na tambayi masu shago, na tambayi na bakin masallaci, ba wanda ya san shi. Wani tsoho mai saƙar faifai ya sa na maimaita sunan.

Ya ce, "Gabas da nan ka ce?"

"Haka ya ce."

"Ɗana, gabas da nan ba gida. Kufan tsohon birni ne, sai kushewu da tsamiya. Mu ko itace ba mu yi can in rana ta take."

Na dawo na faɗa wa Yaya. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce bafatake ko'ina gidanai ne, kuma tsofaffin Alkalawa in ba su tsorata baƙo ba abinci ba ya faɗa musu. Ya ce mutumin ya yi maganar sadaki. Na ce a dakata. Ya ce har yaushe? Na ce har in ji zuciyata ta kwanta. Ya ce zuciyata ba ta taɓa kwanciya ba tun da anka haife ni. Munka rabu ba daɗi.

Ranar kasuwar Bafarawa na shirya kai akuyata ta ƙarshe. Kowa ya san za ni, har Attahiru, don a gabanai na faɗa. Na yi niyyar in ta sayu in auno gero in mai da masa abin da munka ci, ko rabi ne. Munka fita da sassafe ni da Kalilu, akuya a tsakiya. Ba mu yi nisa ba zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana na haɗuwa. Kalilu ya ce, "Wada, kai ba ka kai Bafarawa haka." Ya juyo da ni ya sauke ni bakin unguwa, ya wuce da akuyar. Na shigo gida ba kowa, duk sun tafi gulbi. Na shiga turakata, na saki asabari, na ja bargo.

Ƙarar taɓarya ta tashe ni. Na leƙa ta tsakanin karan asabari. Uwa ce ita kaɗai a tsakar gida tana surfe, tsohon zane a jikinta, kallabi ɗaure. Uwarta da yara ba su dawo ba. Ba ta san ina ciki ba. Rana na bisa kai, inuwar turmi ta shige ƙarƙashin turmi.

Sai komai ya yi tsit. Kurciyar da ke kuka bisa dalbejiya ta bari. Kaji sunka shige ƙarƙashin rumbu sunka lafe. Ƙamshin nan ya cika gidan, na ƙasa mai jiƙa. Ta saman danga na ga ƙaiƙayi na juyawa a hankali wuri ɗaya, ba ya gaba ba ya baya.

Aka yi tari a bayan danga. Tarina ne. Irin wanda nike yi in na sha ƙura a gona, mai ɗan kakari a ƙarshe. Sannan na ji muryata. Ba mai kama da ita ba, ita. Ina kwance cikin bargo ina jin kaina a waje. Muryar ta kira Uwa da sunanta na yanka.

"Fito ki kama mini akuyar nan, ta ƙi sayuwa!"

Na so in tashi, ƙafafuna sun ƙi. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an aza mini dutse. Ina kallo Uwa ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zane, ta gyara kallabi. Ta nufi ƙofar baya, wadda ke fita gona. Har ta kai hannu ga ƙyauren kara. Sai ta tsaya.

Muryar ta sake kiran sunan, da faɗa wannan karon, yadda nike yi wa yara in sun ɓata mini rai.

Uwa ta janye hannunta. Ta ce, "Wa ke nan?"

"Ubanki ne! Kurma kinka zama?"

Ta ja da baya taki ɗaya. Ta ce, "Babana bai taɓa kama sunan nan ba tun da anka yanka mini rago. Sunan uwarsa ne."

Gaskiya ta faɗa. Ɗiyar fari ce, ga shi sunan Inna ta ci. Ko a gaban alƙali ba ni iya furta shi, shi ya sa ko nan ban rubuta muku ba. Yaran yanzu na cewa wannan ƙauyanci ne. To ku ji ƙauyancin da ya tsai da ƙafar ɗiyata a bakin ƙofa.

A lokacin harshena ya saku, kuma a nan na yi wauta. Tsoro ya sa na kwarma ihu daga cikin ɗaki.

"Uwa! Kada ki fita!"

Ta zabura ta juyo, idanunta kamar su faɗo. Ita dai ta san ubanta na Bafarawa.

Daga bayan danga aka ce, "Uwa." A hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Aka sake cewa, "Uwa." Sai muryar ta koma tawa ta lallashi, wadda rabona da yi mata tun tana ƙarama tana ciwon ƙyanda.

"Uwa, na ɗakin nan ba ni ba ne. Ke da idonki kin ga na fita da akuya. Kada ki waiwaya. Buɗe ki gudo wurina, maza."

Na ce, "Ƙarya yake! Ni ne nan, zazzaɓi ya mai do ni!"

"Kin ji ko? Buɗe, ɗiyata."

Masu karatu, ku sa kanku a wurinta. Uba a gaba, uba a baya, murya ɗaya. Wanda ke waje zancenai ya fi kama da gaskiya. Na ga ta dubi ƙyauren, ta dubi asabarina. Na yunƙura in rarrafo, jiri ya mai da ni. Na ce shi ke nan, ta tafi.

Sai ta gyara tsayuwa a tsakiyar gida, ta rufe kanta da gefen zane, yadda Inna ta koya mata in za ta shiga wurin manya. Ta ɗaga murya ta ce, "Salamu alaikum."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Wa alaikumus salamu wa rahmatullah" ba.

Ta jira. Ta ba na waje lokacinai, har da karkata kunne. Ba a amsa ba. Ta sake yi, ta fuskanci danga sosai. Ƙaiƙayin da ke juyawa ya zube ƙasa gaba ɗaya. Can sai kurciya ta ci gaba da kuka.

Uwa ta tako har ƙofar turaka, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ɗaga asabari. Ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai.

"Sannu, Baba. In kawo ruwa?"

Na ce ta kawo. Ta kawo. Na sha. Na ce, "Kina son mutumin nan?" Ban taɓa yi mata irin wagga tambaya baki da baki ba.

Ta ce, "A'a, Baba."

"To an gama. Ko za mu ci ƙasa."

Da na ji ƙarfi na dafa bango na zagaya bayan danga da sanda. Ba sawun mutum, ba na dabba. Sai wuri ɗaya, faɗin tabarma, ƙasa jiƙe sharkaf kamar an yi ruwa a nan kaɗai. Na sa yatsa, laka ce. Kewaye da ita ƙasa busassa har ta tsage.

Bayan la'asar ina zaune a zaure na lulluɓa da bargo, ina shirya yadda za ni faɗa wa Yaya, sai ga shi ya yi sallama. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, bakinai ja da goro, fuska cike da fara'a. Ya zauna ya dafa kafaɗata.

"Wada, Allah ya yi maka albarka. Ashe kana da hankali. Har ka dawo?"

"Daga ina?"

"Daga Bafarawa mana. Ai da ka kira ni na ce wa liman, kun gani, ƙanena ya sauko."

Na ce, "Na kira ka?"

"Da azahar. Ina gida wayar ta yi ƙara, har na yi mamakin sabis. Ka ce in karɓi sadaki kada a ƙara jan rai. Ina ajiye waya sai ga Attahiru a ƙofa. Na tara liman da mutum biyu, na karɓa. Juma'a mai zuwa za a ɗaura, ya ce a ranar zai tafi da ita."

Na laluba aljihu na fiddo wayata na ajiye gabanai. Ta kwana biyu ba caji, ko haske ba ta kawowa. Ya dube ta ya dube ni.

Na ce, "Yaya, da na kira ka, mi na fara cewa?"

"Kai kuma da wata tambaya. Cewa ka yi, Usmanu, karɓi sadakin yarinyar n..."

Bai ƙarasa ba. Bakinai ya tsaya da goro a ciki.

Na ce, "Tun da Inna ta haife ni, ka taɓa jin na kama sunanka?"

Fara'ar ta zube daga fuskarsa. A hankali ya cusa hannu cikin aljihun babbar riga, inda ya ƙulle sadakin. Ya daɗe bai fiddo ba. Da hannun ya fito, jiƙe yake har wuyan hannu, ruwa na ɗiga daga yatsunsa bisa tabarmata, ƙamshin nan ya tashi ya cika zauren.

Ya ce da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba, "Wada, gaban shaidu na ce na ba shi ita."